Sallahun Tsohon Mai Wurno

A zamanin da muke ɗalibta a birnin Hartum, hutun mako a ƙasar Sudan yini ɗaya ne tak, watau Jumma'a, domin ba a haɗa mata Asabar ba sai a shekarar 2008. Saboda haka duk ɗalibin da ransa ya raya masa ya ga abin da ke bayan gari, tilas ne ya saci yammacin Alhamis ya haɗa da Jumma'a, ya kuma tabbata hantsin Asabar ya same shi gaban malami da littafinsa a buɗe, ko da kuwa barci na fizgarsa. Cikin irin wannan ɗan tsukin lokaci ne, a watan Janairu na 1987, mu biyar muka yi tafiyar da nake nufin ba da labarinta, wadda ba ta cika kwana biyu ba, amma ga shi yau, bayan kusan shekara arba'in, ta fi wasu shekaru sukutum zama daram a zuciyata.

Muna karatu ne a Cibiyar Musulunci ta Afirka, wadda kowa ke kira Markaz, wadda kuma daga baya, a 1992, aka ɗaukaka ta ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Ba mu ne farkon 'yan ƙasar Hausa da neman ilmi ya kai Sudan ba, gama tun a tsakiyar shekarun 1950 su Malam Abubakar Gumi da Malam Shehu Galadanci suka tafi Bahatar Ruda daga Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, makarantar da ita kanta malaman Sudan ne suka aza harsashin karatunta; amma mu, da ƙuruciya ke ɗiba, ji muke kamar mu ne muka fara tsallaka Tafkin Chadi. Ni Bakatsine ne. Akwai wani Basakkwace, ma'abocin nahawu da gardama, wanda ba ya barin kuskuren i'irabi ya wuce ko a bakin mai sayar da tumatir. Akwai Badamagare, mai kawaici, wanda shi ne ma'ajinmu domin shi kaɗai ne kuɗi ke kwana a hannunsa. Akwai wani ɗan Zangon Kumasi, wanda dariya ba ta yi masa wuya. Na biyar kuwa Bahaushen Sudan ne, haifaffen unguwar Ishash, wanda ba ɗalibi ba ne, amma shi ne jigon tafiyar, domin kawunsa ne mai motar. Motar irin a-kori-kurar nan ce ta Toyota wadda mutanen Sudan ke kira boksi, ta tsufa har ƙofar hagu sai da igiya take rufuwa, mai ita kuwa bai ba da ita ba sai da aka yi masa alkawari uku: a zuba mata ruwa a kowane zango, kada a wuce da ita Mai Wurno, a kuma dawo masa da ita kafin kasuwar Asabar. Man fetur a wannan zamani sai da layi na kwana da kwanaki, don haka mako biyu muka yi muna tara shi jarka-jarka, muna ɓoyewa kamar masu tanadin zinariya.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fitar da mu shi ne gajiya da ful. Wanda bai zauna Hartum ba ba zai gane yadda waken nan, da aka dafa har ya narke aka kwarara masa man riɗi, yake da daɗi a makon farko, da yadda yake zama jarrabawa a wata na tara ba. Mun ji ana cewa a kudu, bakin Shuɗin Nilu, akwai garin da Sarkin Musulmi ke sarauta har yanzu, ana kuma dama fura. Mu kuwa furar ce ta ja mu, tarihin ya biyo baya.

Mun bar gari bayan azahar, muka bi titin Wad Madani, wanda ke tafe gefen yamma na kogin, siriri, ba shi da kafaɗa, manyan motoci na wucewa a kansa da irin gudun da ya sa mutanen ƙasar ke ce masa hanyar mutuwa. Muka wuce Soba, inda a tsallaken ruwa kufan babban birnin daular Alwa ta Nasaran Nuba yake, ba kuwa wanda ya waiwaya a cikinmu, domin a lokacin wata mas'ala ta riga ta tashi a bayan mota. Mas'alar ita ce ta kasaru. Nisan tafiya ba abin jayayya ba ne, tun da daga Hartum zuwa Madani kaɗai ya kusa kilomita 190, alhali abin da malamanmu na Malikiyya suka shar'anta burudu huɗu ne, watau mil 48. Inda aka saɓa shi ne niyya, domin Basakkwacen nan ya kafe a kan cewa wanda ya fita don shaƙatawa da wasa ba a so ya yi kasaru, mu kuwa, in ji shi, ba abin da ya fitar da mu sai kwaɗayin fura, kwaɗayin fura kuwa lahawu ne ko a wace mazhaba. Aka yi ta kai ruwa rana, ana ɗaga murya saboda iska, har muka kusa Kamlin rana ta karkata. Nan ne Badamagaren, wanda bai ce uffan ba tun fitowarmu, ya ce ai gyara niyya bai gagara ba, mu ƙudurta cewa ziyarar 'yan'uwa za mu da sada zumunci, furar ta zama ribar ƙafa. Kowa ya yi na'am, muka tsaya gindin wata bedi muka sallaci la'asar raka'a biyu. Na daɗe ina ɗaukar wannan hilar malamai ce kawai, irin wadda ɗalibai ke yi wa kansu. Sai daga baya na lura cewa niyyar da muka ƙulla da wasa ita ce aka rubuta mana.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Jazira, watau tsibirin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, shimfiɗe take kamar faifai, baƙar laka ce wadda ba tudu ba kwari, an tsaga ta da magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, babba na shayar da ƙarami, ƙarami na shayar da gona, har faɗin abin da ake nomawa, in an haɗa da ƙarin Manaƙil, ya haura eka miliyan 2. Turawan Ingila ne suka tsara ta domin masaƙun Lankasha su sami auduga mai dogon gashi, kowane manomi da rabonsa da ake kira hawasha, a lokacin hukuma ce ke faɗa masa abin da zai shuka da ranar da ruwa zai zo masa. Lokacin cirar auduga muka tarar, gonaki sun yi fari fat, alkama kuma ta yi kore shar a gefe. Da muka tsaya zuba wa mota ruwa kusa da wani magudani, sai muka ji wata mata daga cikin masu cira tana ƙwala wa ɗanta kira da Hausa tsantsa, tana ce masa in bai fito daga ruwan nan ba zai gamu da ita. Ɗan Kumasi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Direbanmu kuwa, Bahaushen Sudan ɗin nan, ko a jikinsa, ya ce ai rabin gumin da ke cikin audugar nan na mutanenmu ne, waɗanda Larabawan ƙasar ke haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, su kira su Fallata. Mafi yawansu niyyar Hajji ce ta fito da kakanninsu a ƙafa, suna tafe suna noma suna tara guzuri, wasu suka isa Sawakin suka tsallaka Bahar Maliya, wasu guzurin bai taɓa cika ba har aka haifi 'ya'ya da jikoki, amma ko jikan ka tambaya sai ya ce maka a kan hanya yake.

A Hasahisa muka sha shayi wajen wata dattijuwa mai kanun gawayi da 'yan kujerun saƙa, ta sa mana na'ana'a da kanumfari, ta ƙi karɓar kuɗin kofi na biyu da ta ji mu masu karatun Alƙur'ani ne. Madani kuwa bayan lisha muka shige ta. Abin da na riƙe daga wannan dare shi ne ƙamshin nama a bakin kogi, da mamakin da ya kama mu da muka ji Larabawa na cewa a ba su agashe, muka matsa muka ga tsire ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, mai gashin kuma Bahaushe. Kalmar tamu ce, ta yi hijira tare da masu ita, ta sami gindin zama a Larabcin ƙasar har masu faɗinta ba su san baƙuwa ba ce. Muka kwana a tsakar gidan wata lokanda, kan gadajen igiya da suke kira angarib, sanyin Janairu na ratsa mu ta ƙasa, taurari kuma ta sama.

Da asuba muka kama hanyar Sinnar. Ba zan tsawaita kan belin injin da ya tsinke mana bayan Wad Haddad ba, ko yadda wani mai babbar mota da bai san mu ba ya tsaya ya ɗaure mana shi da igiyar rawaninsa har muka kai inda aka sami wani; irin wannan karamci a Sudan ta wancan zamani ba labari ba ne, domin a ƙauyukan Jazira har tare hanya ake yi da azumi a tilasta wa matafiya su sauko su sha ruwa. A Sinnar muka tsaya kan madatsar ruwan da aka gama a 1925, wadda tsofaffi ke kira da sunan Makwar, tsawonta kusan kilomita 3, daga gare ta ne kuma duk ruwan da muka gani jiya yake fita. Garin kansa shi ne mazaunin sarakunan Funj tun daga 1504 har sojojin Muhammadu Ali na Masar suka rushe daularsu a 1821, amma abin da ya rage na wannan girma bai wuce tarin jan bulo ba. Muka duba, muka yi hoto ɗaya da kyamarar aro, muka wuce, domin hantsi ya ɗaga kuma muna son Jumma'a ta same mu a Mai Wurno, wadda ke 'yar tafiya kaɗan kudu da nan.

Wajibi ne a nan in tsaya in faɗi asalin garin, ko da yake mu kanmu a ranar guntu-guntu muka san shi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas, jama'a kuwa suka yi ta bin sa daga birane da ƙauyuka, sarakuna da malamai da talakawa, domin tun zamanin Shehu akwai maganar da ke yawo cewa a ƙarshen zamani jama'ar za ta ƙaura zuwa Nilu ta tarbi Mahadi. Aka tare shi a Burmi, a ƙasar Gombe, ya yi shahada a can ranar 27 ga Yuli na wannan shekara tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar suka ci gaba, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu wajen Shaihu Talha, daga bisani suka kafa garinsu, sunan jagoran ya zama sunan gari. Abin da ya daɗe yana ba ni tunani shi ne, waɗanda suka gudo daga mulkin Ingilishi sun yi tafiyar shekaru a ƙafa, suka iso suka tarar Ingilishin ya riga su, domin tun 1898 ya ci Umdurman. Suka zauna ƙarƙashinsa ala tilas, jikokinsu kuma suka yi masa noman auduga.

Mun sami Jumma'a. Masallaci ya cika da fararen jallabiyoyi da manyan rawuna irin na Sudan, huɗuba da Larabci, amma da aka sallame aka fito, sai kunne ya riƙa tsintar Fulatanci ta ko'ina, Hausa na ratsa shi, Larabci na ɗaure su. Da aka ji baƙi ne daga Najeriya da Nijar, kafin mu ankara an yi mana ƙawanya, wannan na jan hannu, wancan na rantsuwa sai a gidansa za mu ci. A ƙarshe wani dattijo ya raba gardama, ya ce a kai mu wajen baffansa, domin shi ya fi kowa haƙƙi a kanmu.

Mun same shi a ƙarƙashin rumfar kara, kan buzu, idanunsa sun yi fari, carbi a hannu. Ya ce a hanya aka haife shi, a ƙasar Wadai, mahaifiyarsa ta goyo shi har Nilu. Ke nan ya haura tamanin, bai kuwa taɓa taka ƙasar Hausa ba. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya bi mu ɗaya-ɗaya yana shafa kawunanmu yana tambayar garin kowa, da ya zo kan Basakkwacen sai ya riƙe hannunsa bai saki ba. "Yaro, kai ɗan wace ƙofa na?" Hausarsa irin ta Sakkwatawan da ce, wadda ko a Sakkwato sai a bakin kakanni. Ya tambayi lafiyar Sarkin Musulmi Abubakar, aka ce masa yana nan, tsufa dai ya kama shi; ya yi masa addu'a. Sa'an nan ya shiga lissafa ƙofofin birni, Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, har ya cika takwas bai yi tuntuɓe ba, alhali ɗan garin da muka zo da shi, gwanin Alfiyya, a ta shida ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya tambaya ko har yanzu ana rufe su da magariba. Ya tambayi mashigin gulbin Rima, ko da rani ana ratsa shi da ƙafa. Ya tambayi wata rijiya a Wurno, kusa da wata tsamiya, wadda mahaifiyarsa ta ce ruwanta ya fi na Nilu daɗi, ya ce shi dai bai yarda akwai ruwan da ya fi na Nilu ba, amma ba ya ƙaryata mahaifiyarsa. Abokinmu ya rasa ta cewa, domin ganuwar ta daɗe da zubewa, sunayen ƙofofi sun zama sunayen unguwanni da kwanar motoci, gulbi an yi masa gada. Sai ya riƙa amsawa da "suna nan, Baba," tsohon kuwa na gyaɗa kai yana hamdala.

Aka kawo fura a ƙwarya, ta gero, da nono mai kauri, muka sha har muka ji kunya. Da za mu tashi ya sa aka ba mu dabino da ɗan ƙullin turaren wuta, sa'an nan ya ce yana da sallahu, ya kuwa juyo wajena, ban san dalili ba, watakila don ni na fi kusa da kunnensa mai ji. "Ɗana, in Allah ya maishe ka gida, ka tai Wurno, ka yi sallama ga kabarin Sarkin Musulmi Bello, ka ce wani bawan Allah daga gabas yana gaisuwa. Ka sha ruwan rijiyar nan, ka sha nawa." Na ce in sha Allahu, Baba, da irin saurin da yaro ke faɗinta.

Ba zan yi wa kanmu ƙarya ba, a hanyar dawowa dariya muka yi. Ɗan Kumasi ya riƙa kwaikwayon muryarsa yana tambayar ko an rufe ƙofar gari, Basakkwacen na kare kansa cewa ƙofofin ai ba a cikin manhaja suke ba, ni kuma ina cewa wannan wane irin mutum ne da ke zaune a garin da bai taɓa gani ba, garin da ma babu shi. Tausayinsa muka ji, irin tausayin da mai ƙuruciya ke ji wanda rabinsa raini ne. Muka yi tafiyar dare, fitila ɗaya ce ke aiki, muka shiga Hartum ana kiran assalatu, aka mayar wa mai boksi abinsa da ƙarin igiya ɗaya a jikinta. Na rubuta wa mahaifina labarin a takardar jirgi, ta yi mako biyar kafin ta isa Katsina, amsarsa kuma ta same ni bayan Ƙaramar Salla, layi ɗaya ne a kan maganar: alkawari kaya ne, kada in manta da sallahun dattijo.

Na manta, ko in ce na yi ta jinkirtawa, wanda shi ne mantuwar masu ilmi. Ambaliyar watan Agusta na 1988 ta same mu a Hartum, ta narkar da gidajen laka dubbai. Juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 ya zo ina haɗa kayana. Na dawo gida na shiga koyarwa, aure da 'ya'ya suka biyo baya. Sau da dama aiki ya kai ni Sakkwato, na ziyarci Hubbaren Shehu, amma Wurno, da ba ta fi tafiyar sa'a guda ba daga can, kullum sai in ce sai wani zuwan. Ina nan ina jin labarin Sudan daga nesa: fam ya zama dinari, dinari ya koma fam; an haƙo man fetur, layin mai ya ɓace, ya kuma dawo bayan da Kudu ta ɓalle a 2011 da mafi yawan rijiyoyin; audugar Jazira ta ja baya, magudanai da yawa ciyawa da laka sun cike su. Ɗalibanmu kuwa, da a zamaninmu ana iya tara su a ɗaki biyu, suka zama dubbai, maza da mata, da yawa likitanci da haɗa magunguna suke karanta, ba nahawu da fiƙihu kaɗai ba. Uwa a Kano na ganin fuskar 'yarta a waya kowane dare, tana tambayarta abin da ta ci. Na yi musu murna, ko da yake a raina ina ganin wanda gida ke cikin aljihunsa bai ɗanɗani baƙunci irin wanda ke tura mutum neman 'yan'uwa a bakin wani kogi ba.

Sai ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Harabar makarantarmu ta da ita ce ta zama matattarar ɗaliban Najeriya masu jiran motocin da za su fitar da su. Aka kwashe wasu zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su shiga, aka ɗebo su daga Aswan a farkon Mayu, wasu kuma ta Bur Sudan. Mutanen Hartum da yawa titin nan namu suka bi suka fake a Madani, sai ita ma ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara, aka sake gudu. A tsakiyar 2024 wutar ta kai Sinja, kudu da Mai Wurno, ta bar garin tsakaninta da Sinnar. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, Hartum kuma a Maris, amma abin da aka karɓo ba shi ne abin da aka bari ba. Ƙasar da kakanninmu suka nufa da ƙafa suna neman mafaka, ga jikokin maƙwabtansu suna fitowa daga cikinta a motocin haya da jakar hannu ɗaya, wasu ko takardun shaidar karatunsu ba su ɗauko ba.

Cikin waɗanda suka dawo akwai ɗan maƙwabcina, yana shekara ta huɗu a likitanci. Bayan ya huta ya zo gaishe ni, domin ya san na yi zama a can, ni kuwa, maimakon in bar shi ya ba ni labarin abin da ya gani, sai na shiga jero masa tambayoyi. Na ce har yanzu ana sayar da littattafai a ƙasa kusa da babban masallaci? Bedin nan na bakin titi kafin Kamlin suna nan? A Hasahisa akwai mai shayi daga hannun dama in ka fito tasha? Mai agashen bakin kogi a Madani fa? Yaron ya yi shiru, ya dube ni da ladabi, ya ce, "Suna nan, Baba." A take na gane muryar, na kuma gane kallon, domin da idona na taɓa yin irinsa a ƙarƙashin wata rumfar kara. Daga baya ya faɗa mini gaskiya, cewa shekara huɗu da ya yi bai taɓa wuce Soba ba, Mai Wurno kuwa a bakina ya fara jin sunanta. Kasuwar littattafan da nake tambaya kuma tana cikin wuraren da aka fara ƙonawa. Ban ji haushinsa ba. Abin da na tarar shi ne ina da wata Sudan a cikin kaina, da titunanta da ƙofofinta, ina iya lissafa zangunanta daga Hartum zuwa Sinnar ba tuntuɓe, ba kuwa wanda zai iya zuwa cikinta sai ni. Tsohon da na ce yana zaune a garin da babu shi, ashe maƙwabcina ne.

Mu biyar ɗin nan, Badamagaren ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ɗan Kumasi limami ne yanzu, an ce dariyar ta ragu amma ba ta ƙare ba. Basakkwacen ya yi ritaya daga alƙalanci. Direbanmu ne ban san inda yaƙi ya jefa shi ba, lambar da nake samunsa da ita ta daina shiga tun damina ta 2023.

Da kaka ta yi a wannan shekara ta 2023 na shirya na tafi Sakkwato, na biya wa Basakkwacen, na ce ya raka ni in sauke kayan da ke wuyana shekara 36. Aka gargaɗe mu cewa hanyar gabashin Sakkwato ba kamar da ba ce saboda 'yan bindiga, mu tafi da hantsi mu dawo kafin la'asar. Muka yi hakan, wannan karon ba wanda ya ta da mas'alar kasaru. Na tsaya gaban kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 aka binne shi a ribaɗinsa na Wurno, na yi sallama, na buɗe baki zan isar da saƙo, sai na tuna ba mu taɓa tambayar tsohon sunansa ba. Na waiwayi abokina, shi ma ya girgiza kai. Sai na faɗa kamar yadda aka ba ni, cewa wani bawan Allah daga gabas yana gaisuwa. Da muka fito muka shiga neman rijiya mai tsamiya, muka tambayi dattawa uku a ƙofar masallaci: na farko ya ce bai san ta ba, na biyu ya ce rijiyoyi masu tsamiya ai suna da yawa a da, na uku ya yi dogon tunani ya nuna mana wani kanti inda ake cajin waya, ya ce yana jin a nan take kafin a cike ta. Yaron kantin na sayar da ruwan leda a cikin kula. Na sayi biyu, na tsuguna a gefen kantin na sha ɗaya, na huta kaɗan, na sha ɗayan.